Igiyar Kaka Auwalu

Marakish, Maroko
9 ga Disamba

Zuwa ga Goggo Turai, Basirka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Bappa Abdulsalami da kowa na gida. Ya ƙafar? An ce tana damunki. Allah ya ƙara sauƙi.

Rabonki da ni tun bikin 'yarki Kubra, ina ɗan sakandare, don haka bari in faɗi kaina. Ni ne Kamaluddeen, ɗan marigayi Ahmad na Birnin Kudu. Kakana da babanki uwa ɗaya uba ɗaya suke. An ce ba kya riƙe waya, shi ya sa na rubuto. Ƙanwata Khairiyya za ta buga takardar ta ba direban motar Gwaram, in kin ba da amsa ta ɗauki hotonta ta turo mini.

Karatuna a nan kan dusar ƙanƙara ne. Ba irin ƙanƙarar da ke zubowa da ruwan farko ta yayyaga ganyen masara ba. Wannan fara ce, mai laushi kamar gari, tana sauka kan manyan duwatsu lokacin sanyi ta taru. In zafi ya shigo sai ta riƙa narkewa a hankali tana gangarowa, mutanen ƙauyukan ƙasa su sha, su ba gonakinsu duk rani. Rumbun ruwansu ke nan. Aikina in hau dutse in duba sandunan awo da aka kakkafa, in rubuta inda ta kai. Awon shekaru da yawa ya nuna tana raguwa, saboda duniya na ƙara ɗumi. Abin da a da zai sauko dusa yanzu ruwa yake saukowa ya wuce, wadda ta kwanta kuma ta narke da wuri.

Ga abin da ya sa na rubuto. Baba ya taɓa ba ni labarin rijiyar da Kaka Auwalu ya haƙa a gonarku, da igiyar da ake shiga da ita in za a yashe ta. Ya ce ba a taɓa canza igiyar ba, duk shekarar da aka ƙara wa rijiyar zurfi sai a ƙulla mata sabon guntu. In haka ne, igiyar nan takardar awo ce. Ki taimaka ki ƙirga mini ƙullin, ki auna tsawon kowane guntu, da zurfin rijiyar yanzu.

Naki,
Kamaluddeen


Basirka
6 ga Janairu

Kamalu,

Wa'alaikassalam. Muna lafiya. Ƙafa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Yaya Abdulsalami yana amsawa, ko da yake sai da na yi masa bayani sau biyu kafin ya gane wane ne kai.

Na karanta takardarka a zaure, na sake karantawa a tsakar gida don mata su ma su sha dariya. Wato an ɗauke ka a jirgi, an tsallaka da kai hamada, don ka je ka tsaya kana kallon ƙanƙara tana narkewa? Ikon Allah! Ai da ka yi magana da na kai ka wajen mai zoɓo a tashar Gwaram. Tasa kullum kafin azahar ta zama ruwa, kuma har yau ban ji an ba shi digiri ba.

To mu zo kan rijiya. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya tako Basirka daga gidanku. Da mijina ya rasu na dawo gida, ta waya aka yi wa Yaya gaisuwa, ni ko wannan ban samu ba. Yau kwatsam an tashi ana son tsawo, ana son zurfi. Yaro, shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a firamare. Na san gonar nan ba a raba ta ba tun rasuwar Kaka, na kuma san in 'yan birni suka fara tambayar awo, rabo ne ke tafe. Ka gaya wa wanda ya sa ka ya fito da kansa, ya daina laɓewa a bayan ƙanƙara.

Igiya kuwa tana nan rataye a azarar zaure, ana shafa mata man shanu duk kaka. Ba a sauke ta sai ranar yasa. Babban namijin gida ne ke ɗaura ta a ƙugu ya fara sauka, ya cika kwandon farko da bisimilla, sannan masu haƙa su bi. Yaya ya yi wa babanmu alkawari a gadon mutuwa cewa ba wanda zai shiga rijiyar nan da wata igiya in ba ita ba. Ba abin wasan 'yan makaranta ba ce.

Ka sa rigar sanyi. An ce ku 'yan Birnin Kudu ƙirjinku ba ƙwari.

Goggonka,
Turai


Marakish
3 ga Fabrairu

Goggo Turai,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaida Bappa. Ni lafiya lau, ƙirjina ma haka.

Na ji daɗi da takardata ta ba mata dariya, na san abin nishaɗi ba shi da yawa a can. Da ma na yi zaton bayani irin wannan zai yi wuyar shiga, amma na ɗauka tsohuwar malama za ta fi sauran.

Me zan yi da gona a Basirka, Goggo? Ko kyauta aka ba ni, a ina zan sa ta? Ba wanda ya aiko ni. Lambobi kawai na roƙa.

Makon jiya muka hau dutse, tafiyar awa biyar da alfadari. Akwai wata sanda da malamina ya ce lokacin yana ɗalibi, a irin wannan wata, sai an tona ake ganin kanta. Na same ta tsaye a kan tsurar dutse, dusar ko idon sawuna ba ta rufe ba. Da muka sauko muka kwana gidan wani dattijo mai gonar tuffa. Ya sare rabin itatuwansa da hannunsa, don ruwan da ke gangarowa ba ya isar su duka. Bai taɓa shiga aji ba, amma a zama ɗaya ya fahimci abin da nake yi, bai kuma tambaye ni ko gonarsa nake so ba.

Ban ce abin da ke cin dusar nan shi kaɗai ke cin rijiyarku ba. Rijiya ɗaya ba ta isa hujja ba, ga burtsatse da aka haƙa ko'ina suna zuƙar ruwan ƙasa. Amma zafi ya ƙaru, ruwan sama kuma yakan zo da ƙarfi ya wuce bai shiga ƙasa ba, ke ma kin sani. Igiyar ce za ta nuna yaushe abin ya fara. In abin da nake zato ne, rijiyar nan kwananta ya kusa ƙarewa, gara ku fara tunanin abin yi.

Kamaluddeen


Basirka
2 ga Maris

Kamalu,

Wa'alaikassalam. Lafiya muke, sai zafi da ya shigo tun kafin lokacinsa. Azumi na ƙaratowa, Allah ya ba mu ikon yi.

Yauwa, ai ga shi ka fito fili! "Gara ku fara tunanin abin yi." Wato rijiya ta mutu, gona ta zama banza, sai a sayar a raba, kowa ya kama gabansa. Na ja layi a ƙarƙashin maganar da jan biro, na ajiye. In ka ga dama ka je ka zama ɗan dattijon tuffa, tunda shi ne mai fahimta.

Rijiyar da kake wa fatan mutuwa, shanu ashirin da uku ke sha a cikinta, da gida huɗu. Bana ta ja baya da wuri, gaskiya ne, guga laka yake kwasowa tun tsakiyar watan jiya. To sai me? Haka take yi, a yashe ta, a ƙara gaba ɗaya ko biyu, ruwa ya dawo.

Abin haushin ma ba kai ba ne. Zulkifli mai haƙar rijiya, wanda shi ke mana aikin shekara tara, ya zo ya leƙa da tocila, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce shi bana ba da shi ba. Wai tun bara an wuce marmara an shiga yashi, gindin ba abin da ke riƙe da shi. Ƙato da shi, yana tsoron yashi! Yaya ya ce masa ya je, Allah ya ba da sa'a. Ya ce shi zai sauka ya yi aikin shi kaɗai, maza su riƙe masa igiya daga sama. An tsayar da Asabar ɗin bayan ƙaramar Sallah.

Shekararsa sittin da takwas, yana tari tun damina, amma ya fi ku duka zuciya, kai da Zulkifli da alfadarinka. Matarsa Hapsatu tana ta kuka a madafa, na ce ta rufe mana baki.

Turai


Marakish
19 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. A gaida gida.

Wannan karon ki ajiye jan biron ki karanta da kyau. Abin da Zulkifli ya faɗa gaskiya ne, yashi ba ya tsayuwa in an ƙwaƙule ƙarƙashinsa. Rijiyar na iya ruftawa.

Kada a bari igiyar ta shiga ramin nan. In ya rufta da ita, an yi asarar awon shekara sittin, kuma ba na jin akwai irinta a duk ƙasar Gwaram. Na ba malamina labarin igiyar, ya ce za ta iya zama babi guda a kundina, har ya yi maganar a kawo ta jami'a. Ku da ke rataye da ita ba ku san abin da kuke da shi ba, man shanu kawai kuka iya shafa mata. A ba Khairiyya igiyar ta adana. In dole sai an shiga, a sayo sabuwa a kasuwa, alkawarin gadon mutuwa ba ya hana yashi zuba. Bappa ma bai kamata ya shiga ba a shekarunsa.

In ba ki yarda da ni ba, ki yarda da idonki. Ki sauke igiyar ki shimfiɗa ta a ƙasa, ki bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ki tuna shekarar kowanne. Kin ce ke malamar lissafi ce. To ga lissafi, in har ba a manta ba.

Kamaluddeen


Basirka
16 ga Afrilu

Kamalu,

Wa'alaikassalam. An yi Sallah lafiya. Kowa yana raye, tunda ba ka tambaya ba.

Takardarka sai ranar Alhamis, washegarin Sallah, ta iso hannuna. Mako uku ta yi a gaban motar direba, ta zo da tabon manja. Saura kwana biyu ke nan a shiga rijiya.

Na karanta. Na ƙirga, tunda ƙirga kake so. Sau huɗu ka kira sunan igiya, ka yi mata sakin layi guda, har da masauki a jami'a. Yayana layi ɗaya ya samu, a wutsiya, da "ma" a jikinsa. Kaico, Ahmad bai yi sa'ar ɗa ba. Na yi niyyar in sa takardar a murhu, amma maganar "in har ba a manta ba" ta tsaya mini a wuya. Na ce bari in ƙirga in aiko maka, in nuna maka ba komai a ciki sai iska.

Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, na kira Hapsatu ta hau turmi ta sauko da ita. Muka shimfiɗa daga bakin zaure. Ta ratsa tsakar gida, ta wuce rumbuna, ta fita ta ƙofar baya, sai da ta kai garke. Ban taɓa ganinta a miƙe ba, kullum a naɗe take ko a cikin rami.

Farkonta ta rama ce, tufkar hannun Kaka, ta yi baƙi ƙirin, gaba tara. Ƙulli na farko na shekarar babban fari ne, ina 'yar aji uku. Na biyu shekarar aurena. Na uku fari na biyu, na huɗu shekarar da aka yaye Kubra. Duk na babanmu ne, na san ɗaurinsa, kuma ba wanda ya wuce kamu biyu. Huɗu ke nan a shekara arba'in da wani abu. Daga nan rama ta ƙare, aka shiga ta roba, shuɗiya, rawaya, har da wata ja da aka ciro daga amalanke. Waɗannan na Yaya ne. Goma sha uku, Kamalu, a shekara goma sha biyar. Na farkonsu kamu biyu, na bara gaba biyu cur. Ina tafe ina dafa bango har na kai ƙarshe.

Duk a gabana aka ƙulla su. Ni ke dama furar masu aiki kowace shekara. Kowace shekara mu ce bana ce kawai ta zo da haka.

Na wuce wajen rijiyar na kwanta a bakinta na kasa kunne. Ba iska, ba kowa, amma can ƙasa ina jin yashi yana zuba shuu, ya tsaya, ya sake. Sai na tuna ɓangaren ramar nan mai shekara sittin shi ake ɗaura wa mutum a ƙugu.

Na san Yaya. Ba zai ji maganata ba, ba zai ji ta liman ba, kuma ba zai taɓa shiga da igiyar kasuwa ba, alkawari ya hana shi. In aka ɓoye ta zai tono ta, in aka kai Birnin Kudu zai hau mota ya karɓo. Don haka na dawo na ɗauko gatari. Hapsatu ta kifa turmi ta riƙa ɗora mini ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Na sare ta a kowane ƙulli, dogayen na ƙara daddatsa su. Kafin a sauko daga masallaci na raba guntayen gida-gida, na ce a ɗaure awaki. Ta ramar na sa a wuta.

Yaya ya shigo ya ɗaga kai ya ga azara wayam. Na ce ni ce. Bai zage ni ba, ina ma ya zaga. Ya zauna a ƙasa, dattijo da shi, ya rufe fuska da hularsa.

Ba a shiga rijiya ranar Asabar ba.

Turai


Marakish
24 ga Afrilu

Goggo,

Salam. Alhamdu lillahi da Bappa bai shiga ba.

Amma awaki, Goggo? Awaki? Abin da aka yi shekara sittin ana tarawa, a yini ɗaya kin raba wa awakin Basirka, sauran kin dafa tuwo da shi. Ko hoto ba a ɗauka ba. Ba tsawon kowane guntu, ba shekara a rubuce, sai "shekarar da aka yaye Kubra". Wa zan kai wa wannan? Da kin jira kwana ɗaya Khairiyya ta zo da tef ɗin awo. Na kasa gaya wa malamina, kunya nake ji. Abin da ke damun mutanenmu ke nan, ba su san darajar komai ba sai ya zama toka.

A nan dusar ta gama narkewa tun makon jiya, wata guda kafin lokacin da aka saba. Rafin ƙauyen dattijon nan ya fara ja baya. Su aƙalla suna da lambobi.

In akwai guntun da ya rage a tattara, ko za a iya ceto wani abu.

Kamaluddeen


Basirka
25 ga Mayu

Kamalu,

Wa'alaikassalam. Ƙafa ta matsa mini, saboda yanzu daga burtsatsen Maruta ake kawo mana ruwa a amalanke, ni ke tsayuwar rabo. An kai shanu wajen surukan Yaya, biyu sun faɗi a hanya. Rijiya tana nan a rufe da ƙaya. Ba ta rufta ba har yau, ban sani ba ko za ta rufta. Mazan unguwa sun ce da an bar shi ya shiga da yanzu muna shan ruwanmu, wataƙila ma gaskiyarsu ce. In na wuce sai a yi shiru. Sunana yanzu wadda ta ƙone igiyar kakanta.

Abu ɗaya na yarda, ba gona kake so ba. Na zarge ka a banza. Da gonar kake so ma da na fi ganin mutuncinka, aƙalla mai son gona ya san akwai mutane a kanta.

Ka ce su suna da lambobi. To Allah ya sa lambobin su cika musu tulu. Ka faɗi gaskiya tun farko, ban musa ba yanzu, abin da ke cin ƙanƙararku yana da hannu a ramin nan namu. Sai dai da ka rubuto kamar ɗan gida, ka ce Goggo ina tsoron kada Bappa ya mutu, da tun azumi na sauke ta, da Khairiyya ta zo da tef ɗinta ta auna har ta gaji. Kai ka raina mu, ni na raina ka, muka ci wata huɗu a haka, tsoho yana shirin shiga rami.

Na ba direba ƙunshi ya kai wa Khairiyya. Guntun bara ne, ja, shi kaɗai ban datsa ba. Na kwance shi daga wuyan akuyata, za ka ji warin. Ka auna, ka kai wa malaminka. Kada ka sake rubuto mini sai ka iya fara takarda da tambayar lafiyar mutane.

Kwana arba'in da uku ke nan Yaya bai ce mini ko sannu ba. In na shigo zaure sai ya juya fuska bango. Amma ɗakina yana jikin nasa, kullum da asuba ina jin tarinsa in ya fito alwala, ina jin yana faɗa da Hapsatu wai ta cika masa buta da yawa, ruwa na wuya. Ina kwance ina saurare har ya tafi masallaci.

Turai